Uban gidan da ke cikin gem ɗina ba ya ba kowa tsoro, ta ina zan gyara tarihinsa?

Ɗan Kabala ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa ƙaramin gem na ban tsoro a Godot (manhajar haɗa gem), na wayar Android, rubutun ciki duk da Hausa. Salon gotik ne: tsohon katafaren gida a ƙauyen Ingila, mai gonaki da barori, wajen shekarun 1880. Mai wasa ita ce 'yar mai gidan, an aiko mata cewa mahaifinta ya rasu, ta dawo tana bin ɗakuna tana gano abin da ya aikata.

Abin da na rubuta a kan uban shi ne: matarsa ta mutu, ya haukace, ya shiga tsafi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don ya dawo da ita. Na zuba labarin cikin takardu 40 na littafin sirrinsa, na warwatsa su a gidan. Waɗanda suka gwada mini a nan Kaduna sun ce tun a takarda ta uku sun gano ƙarshen, sauran kuwa tsallakewa suke yi. Me ya kamata tarihin irin wannan mutum ya ƙunsa? Kuma yaya ake raba shi a cikin gem ba tare da an gundiri mai wasa ba?

Malam na Unguwar Rimi ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, "ya haukace" shi ne ya kashe maka labarin. Da zarar ka ce mutum mahaukaci ne, komai ya yi ba a tambayar dalili, mai wasa kuma dalilin yake nema. Ka ajiye batun hauka tukuna, ka fara da aljihun mutumin.

Mai irin wannan gida a Ingila ba kasuwanci yake yi ba. Kuɗin hayar gonaki yake ci. Manoma ke noma ƙasarsa, suna biya galibi sau biyu a shekara, wajen 25 ga Maris da 29 ga Satumba. A ƙiyasin da aka saba yi a wancan zamani, eka ɗaya tana kawo kusan fam ɗaya a shekara. To ka ba shi eka 3,000, kuɗin shiga fam 3,000. Yanzu ka ɗora masa nauyi, misali haka: jinginar da ya gada daga ubansa fam 30,000, kuɗin ruwa huɗu bisa ɗari, fam 1,200 ke nan duk shekara, kuɗin da dole ya riƙa ba mahaifiyarsa har ta mutu, fam 500, na 'yan'uwansa mata, fam 300, riƙon gida da barori da dawakai da gyaran rufi, fam 900. Jimla 2,900. Ka ga da ƙyar yake tsaye tun kafin komai ya faru.

Sai abin ya faru. Daga tsakiyar shekarun 1870 alkama mai araha ta fara kwararowa daga Amurka, jirgin ƙasa da jirgin ruwa mai tururi sun rage kuɗin dako, kuma tun 1846 aka soke dokar da ke kare manoman Ingila daga hatsin waje. Shekarar 1879 ruwa ya yi yawa, amfanin gona ya lalace. Manoma suka kasa biya, wasu suka bar gonakin, masu ƙasa suka rage haya dole. Ka rage wa mutuminka kashi ɗaya cikin huɗu: fam 2,250 ke shigowa, 2,900 ke fita. Giɓin fam 650 duk shekara. Wannan lambar ka rubuta ta ka manna a gaban kwamfutarka, don duk abin da zai aikata daga nan zai fito.

Za ka ce ya sayar da gona mana. Ba zai iya ba. Yawancin irin waɗannan gidaje an ɗaure su da takardar gado ta iyali: mai gidan yana cin moriya ne iya rayuwarsa, ƙasar kuma ta wuce ga babban ɗa namiji. In babu ɗa namiji, sau da yawa sai ta tafi ga wani ɗan'uwa na nesa, 'ya mace ta tashi da ɗan abin da aka ware mata kawai. Sai a 1882 aka yi dokar da ta ba mai cin moriya damar sayar da ƙasa, ko a nan ma babban gidan kansa sai da yardar amintattun da ke kula da gadon ko kotu, kuɗin cinikin kuma ba aljihunsa suke shiga ba. Saboda haka in labarinka ya faɗo tsakanin 1879 da 1882, mutumin a ɗaure yake tamau.

Ga shawarata a kan matar. Ka sa mahaifinta ya bar mata fam 600 a shekara muddin tana raye, ranar da ta mutu kuɗin ya yanke. Ta mutu a sanyin 1879, mutuwar Allah da Annabi, ba shi ya kashe ta ba. Abin da ya yi kawai shi ne bai faɗa wa kowa ba. Da farko niyyarsa ya jira biyan wata shida mai zuwa ya wuce. Daga nan fa ƙarya ta fara neman abinci: dokar 1874 ta wajabta wa dangi yin rajistar mutuwa, don haka ya riga ya yi laifi. Lauyoyin da ke biyan kuɗin suna son sa hannunta, sai ya koyi rubutunta. Mutanen ƙauye suna son ganinta, sai ya sa wata baranya ta sa kayanta ta zauna bakin taga da yamma. Baranyar yanzu ta san sirri. Likitan da ya saba duba matar dole a sallame shi. 'Yar da ke makarantar kwana dole a hana ta zuwa hutu, a riƙa aika mata wasiƙu da sunan uwarta. Ranar 3 ga Afrilun 1881 aka yi ƙidayar jama'a, mai gida ne ke cike takarda, ya rubuta matarsa tana nan da rai. Kowane mataki ƙarami ne, mai hankali ma zai iya takawa, kuma wannan ne ke tayar da tsikar jiki.

Kurakuran zamani da za ka kiyaye: satar gawa daga kabari don sayar wa likitoci ta mutu bayan dokar 1832, kada ka kawo ta 1880. In za ka sa guba, ka sani tun 1836 akwai gwajin da ke gano asanik a jikin mamaci, kuma tun 1851 mai sayar da ita sai ya rubuta sunan mai saye a littafi. Harajin gado mai nauyi da ya karya gidaje da yawa sai 1894 ya zo. Kuɗin kuma ka rubuta su yadda kakanninmu suka san su: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.

'Yar Malali ta amsa:

Malam ya gama da tushen, ni bari in taɓa rabon. Takardu 40 sun yi yawa ƙwarai, ɗan'uwa, balle a waya. Ka sauko zuwa 12 ko 14, kowace kada ta wuce kalma 70, yadda za ta zauna a fuskar waya ɗaya ba sai an ja ƙasa ba. Kuma kada duk su zama muryar mutum ɗaya. Littafin sirri shi ne mafi raunin hanya, don babu mai aikata laifi da ke zama ya rubuta wa kansa cikakken bayani da kwanan wata, ya yayyaga, ya ajiye shafi ɗaya a kicin ɗaya a barga.

Ka raba uban kashi uku. Akwai shi a bakin mutane: wasiƙar ta'aziyya daga limamin coci, allon godiya na makarantar ƙauye da ya gina. Akwai shi a bakin kansa: wasiƙunsa ga lauya da ga 'yarsa, masu ladabi, babu inda ya amsa laifi, kullum "saboda ke nake yi". Sannan akwai shi a littafin lissafin gida, wanda ba ya ƙarya. Aikin mai wasa shi ne ya ga inda ukun suka saɓa. Misali wasiƙar "uwa" mai kwanan watan Mayun 1880 tana cewa ta ji sauƙi har tana cin abinci sosai, littafin lissafi kuwa ya nuna tun Janairu aka daina sayen maganinta, aka daina biyan mai wankin kayanta, kuma gawayin da ake kaiwa ɗakinta ya koma sifili, ƙanƙarar da ake ɗebowa daga rumbun ƙanƙara ta ninka. Kada ka sa kowa ya fassara wannan. Mai wasa zai gane da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ba ya tsallake shi.

Rabin tarihin ma ba rubutu ba ne. Bango mai tabon murabba'i inda aka cire zane aka sayar. Allon ƙararrawar barori a ƙasa, kowace ƙararrawa da sunan ɗakinta, ta ɗakin uwar an yanke wayarta. Ɗakin kwanan barori gado takwas, katifa biyu. Takarda cike da sa hannun mace ɗaya an maimaita sau talatin, na farko a karkace, na ƙarshe sumul. Wannan takardar ita kaɗai ta fi shafi goma na littafin sirri.

Abin da ke lalacewa a aikace shi ne jeri. Kai ka rubuta daga 1 zuwa 14, mai wasa ya fara da ta 11. Maganinsa biyu. Na farko, ka yanka gidan shiyya huɗu da makullai: ƙasa da falo, sashen barori, ofishin uban, sannan sashen uwar. A cikin shiyya ɗaya kowane jeri ya yi daidai, amma babu takardar da ke tona abin da ke shiyyar gaba. Na biyu, duk gaskiyar da in an rasa ta ba za a fahimci ƙarshe ba, ka ajiye ta wuri uku ta siga daban: a rubuce, a wani abu da ake gani, da a bakin wani. Mutane suna wuce abin da kai kake ganin ba ya wutuwa.

Ka duba yadda gem ɗin Darkest Dungeon na kamfanin Red Hook Studios, wanda ya fito a 2016, ya yi da kakan da ya tone ƙarƙashin gidan gadonsu. Ba a zube tarihinsa wuri ɗaya ba. Duk sanda za ka fita farautar wani babban dodo sai ya ba ka guntun yadda shi da kansa ya jawo wannan dodon, cikin jimloli kaɗan. Labarin yana zuwa daidai lokacin da kake da dalilin saurara. Wannan dabarar za ka ɗauka, ba labarin ba.

Ta ɓangaren Godot: ka yi rubutun Autoload guda (wanda ake iya kira daga ko'ina a gem ɗin) mai riƙe da Dictionary, wato jeri, na abubuwan da mai wasa ya sani, ba takardun da ya ɗauka ba. Wato alamar ta zama "ta san an daina sayen magani", ko daga littafin lissafi ta sani ko daga kwalaben da suka bushe. Ƙofofi da maganganu su riƙa duba wannan. Ka adana shi a user://, wato ma'ajiyar bayanan mai wasa, don res://, inda fayilolin gem ɗin suke, ba ya rubutuwa bayan ka fitar da gem ɗin. Ka kuma gwada haruffanka tun yanzu: yawancin haruffan ado masu kama da rubutun da ba su da ƙ, ɗ, ɓ, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma ko harafi ɗaya ya fita daban. Noto Sans da Noto Serif suna da su.

Baban Zaure ya amsa:

Duk abin da suka faɗa daidai ne, amma ni ina da ja. Ɗana, me ya kai ka Ingila? Masu wasanka a Kawo da Tudun Wada da Rigasa suke. Sai ka yi musu dogon bayani kafin su gane me ya sa 'ya ba ta gadon gidan ubanta, alhali in ka kawo gidan nan, rabin tsoron sun taso da shi.

Sai dai ba a ɗauko shi a dasa haka nan. Garin Kaduna yaro ne, a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, ba za ka sami gidan gado mai shekara ɗari uku ba. Ko dai ka kai gidan cikin birnin Zariya, ko ka sa uban ya zama attajirin da ya gina nasa. Na biyun ya fi sauƙi. Ka mai da shi wakilin sayen auduga mai lasisi, yana saye a ƙauyukan Zariya da Funtuwa lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Ta farkonsu a 1957 ta buɗe. Faɗuwarsa ma tarihi ya tanadar maka: a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, lasisin da ya dogara da shi ya zama takardar banza. Littattafansa na kafin Janairun 1973 su kasance da fam da sule, bayan nan naira, fam ɗaya naira biyu. In kana son abin da mai wasa zai buɗe ya yi shiru, ka ajiye masa adaka cike da takardun kuɗin da aka canza wa launi a Afrilun 1984. Wa'adin canjin gajere ne, mai kuɗin da zai iya bayanin inda ya samo su ya kai banki. Shi bai kai ba.

Babban bambancin shi ne gado. Baturen yana tsoron gida ya tafi ga bare. Namu yana tsoron a raba. Ka lissafa: ya bar mata, 'ya'ya maza biyu, mata uku, iyayensa sun riga shi. Matan, ko ɗaya ce ko huɗu, tumuni suke rabawa, ɗaya bisa takwas. Saura bakwai bisa takwas, namiji rabon mace biyu: kowane ɗa biyu bisa takwas, kowace 'ya ɗaya bisa takwas. Gida ya tashi daga gida. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Hanyar da ta rage masa ita ce kyauta tun yana raye, amma a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya mutu. In ya ce ya ba babban ɗansa gidan, shi kuma ya ci gaba da zama a turakarsa har ya cika, kyautar ta koma gado. To me zai sa mutum ya ƙi a raba gida, ya kuma ƙi fita daga ɗaki ɗaya? Akwai abin da ma'auni zai tono ranar rabo.

Laifin kuma don Allah kada ya zama tsafin kuɗi, an gaji da shi. Ka sa amana ce. Ɗan'uwansa ya rasu ya bar marayu a hannunsa, ya zuba dukiyarsu a auduga da niyyar mayarwa, kaka ta ƙi. Wani yaro cikinsu ya kusa balaga, ya fara tambaya. Duk Bahaushe ya san nauyin dukiyar maraya, ba sai ka yi wa'azi a cikin gem ba, kuma gara kada ka yi.

Ginin kansa zai yi maka aikin makullan da 'yar Malali ta ce. Zaure na kowa ne, daga nan ƙofar gida, sai shigifa wadda baƙo namiji ba ya wucewa, sai cikin gida, turakar mai gida kuma a gefe. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, da gyaran indararo. Shekarar da aka daina, ruwan Agusta ke rubuta ta a bango. Saboda haka ka sa zaure ya sha yaɓe da zane har ƙarshe, don idon jama'a, ɗakunan matan su zaizaye, azara ta fito fili. Ɗaki ɗaya tak a can ƙurya, wanda ba shi da ƙofa, shi ne ba a taɓa fashin yaɓe shi ba.

Ɗan Kabala ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Malam, Yaya, Baba. Na karkata ga na Zariya gaskiya. Amma in duk abin ya koma bashi da gado, ina dodon? Gem ɗin ban tsoro ne, dole akwai abin da ke bin mai wasa.

'Yar Malali ta amsa:

Dodon yana nan, sai dai daga laifin za ka ƙera shi, ba daga wani gem ba. Ka ba shi doka biyu ko uku da ba ya karyawa, kowace tana da asali a tarihin uban. In maraya ne aka toshe a ɗaki, abin ba ya wuce shigifa zuwa waje, don yaron bai taɓa fita ba. Ana jin sa kafin a gan shi, ƙarar ƙirga kwabbai, don lissafinsa yake nema. Yana lafawa in mai wasa ta mayar da wani abu nasa inda yake: allonsa, hularsa, takardar gonar ubansa. Da haka karanta takardu ya zama hanyar tsira, wanda ya tsallake su ba zai san dokokin ba, zai sha kamu.

Uban kuwa kada ya fito yana bin kowa da wuƙa. Ka bar shi a murya da sawu: carbi a kan buzu, butar alwala da ruwa a ciki, takalmi a bakin turaka wanda kowane dare yake juya fuska. Cikakkiyar surarsa sau ɗaya ta isa, kusa da ƙarshe, yana aikin da ya saba, cokalin magini a hannu yana shafe tsagar bangon nan.

Wajen gwaji, ka nemo mutum biyar da ba su san labarin ba, ka ba su waya, ka yi shiru. Bayan shiyya ta biyu ka tsayar da su ka tambaya: me kake zaton mutumin nan ya yi? In huɗu sun faɗi daidai, ka tona da wuri, ka ɗauke takarda ɗaya ka kai shiyya ta uku. In babu wanda ya ko doshi wajen, ka ƙara alama guda a zaure. Abin da kake so shi ne biyu su yi zargi, uku su ce bawan Allah ne aka zalunta. Ka kuma rubuta daƙiƙa nawa kowace takarda ta yi a buɗe, duba agogon Godot, Time.get_ticks_msec(), a buɗewa da rufewa ya ishe ka. Duk wadda ake rufewa ƙasa da daƙiƙa uku, ko ka gajarta ta ko ka mai da ita abin da ake gani a ɗaki.